Mun yi musu gadi, su kuma sun rufe mana ƙofa



Aikina a jam'iyya fassara ne. Abin da shugabanni suka rubuta da Faransanci ni nake mayar da shi Hausa. Saboda haka mutanen unguwarmu suka mayar da ni mai karanta musu takardu, daga ta asibiti har ta alƙali. A watan Fabrairun 2020, kafin korona ta rufe hanyoyi, wani dattijo maƙerin azurfa ya taso daga Agadas ya sauka gidan maƙwabcina. Wani Bature da ya saba sayen kaya wurinsa tun zamanin da baƙi ke cika Agadas ne ya gayyace shi ya je ya ga garinsu, kwana goma kacal. Dattijon ya ci kilomita sama da 900 zuwa Yamai, ya haɗa takardu, ya biya kuɗi, ya dangwala yatsu, ya zauna jira. Da amsa ta fito sai ya kawo mini, ya ce, "Ɗana, karanta mini, yaushe ne tafiyar?"

Takardar bugaggiya ce, iri ɗaya ake ba kowa, an jera dalilai an sa alama a kan guda. Wanda aka sa wa alama yana cewa ba a tabbatar zai komo gida ba kafin bizarsa ta ƙare. Na ce, "Baba, sun ce suna tsoron kada ka maƙale can." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ni da jikoki goma sha ɗaya? In maƙale in yi me?" Sai ya tambaya ko za a mayar masa da kuɗinsa. Ba a mayarwa.

Bari in gaya maka abin da ake nema wurin ɗan Nijar da ke son zuwa yawon buɗe ido ko ziyara a ƙasashen Turai da ke da biza ɗaya, wadda ake kira Shengen, don da yawa ba su sani ba sai sun isa bakin taga. Fasfonka ya kasance da sauran wata uku aƙalla bayan ranar da za ka baro can, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Ka kawo hotuna, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki: ko otel, ko takardar da mai masaukinka zai karɓo daga ofishin magajin garinsu. Ka sayi inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin jinya har yuro 30,000, kusan miliyan 20 ke nan na sefa. Ka kawo shaidar aiki da takardun banki da ke nuna shige da ficen kuɗinka. In an ba ka, iyakar zamanka kwana 90 cikin kwana 180.

Tsaya a kan maganar banki, don a nan mafi yawanmu ke faɗuwa. Dukiyar maƙerin nan tana cikin azurfarsa da gidansa da awakinsa. Ta mai shago a kasuwar Maraɗi tana cikin buhunan da ke sito. Ta uwargida tana cikin adashe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a takardar banki. Mutumin da ke ciyar da baki ashirin kullum, a idon mai duba takarda fakiri ne wanda ba shi da abin da zai komo da shi gida.

Ga kuma kuɗin bizar kanta. Har farkon 2020 yuro 60 ne. Daga 2 ga Fabrairun 2020 ya koma yuro 80, wato kusan jika 52 da rabi. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a ƙasar nan a 2020 sefa 30,047 ne a wata. Ka yi lissafin da kanka. Kuma wannan kuɗin duba takarda ne kawai, a ba ka ko a hana ka, ya tafi.

Wani zai ce, to ina ruwan gwamnatinmu, ai kowa da ikon ƙofar gidansa. Gaskiya ne, babu wanda zai tilasta wa Faransa ko Jamus su buɗe wa wanda ba su so. Amma biza ba daga sama take saukowa ba, ciniki ne tsakanin gwamnatoci. Turawan da kansu sun rubuta haka a dokar da ta ƙara kuɗin: ƙasar da ke ba su haɗin kai wajen karɓar mutanenta da suka koro ana iya sassauta mata, wadda ta ƙi kuma a tsananta. Tun da ciniki ne, tambayar ita ce, me muka kai kasuwa, me muka komo da shi?

Abin da muka kai ba ƙarami ba ne. A watan Mayun 2015 majalisa ta amince da doka mai lamba 2015-36 a kan safarar baƙin haure. A watan Nuwamba na wannan shekara shugabannin Turai da na Afirka suka haɗu a Baleta, babban birnin Malta, Shugaba Issoufou yana wurin, aka buɗe asusu na yuro biliyan 1.8 don tare masu ƙetarawa. Daga 2016 aka fara aiki da dokar gadan-gadan: aka kama direbobi, aka ƙwace motoci aka jibge su a Agadas, hukuncin yana kaiwa shekara biyar zuwa goma a kurkuku. A lokacin Nijar ta zama ƙofar Turai ta kudu, mu muka zama masu gadinta.

Ba na cewa a bar mutane su mutu a hamada. Babu wanda ya manta Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga yankin Kance. Sai dai dokar ba ta hana mutuwa ba. Direbobin da suka rage sun bar hanyar rijiyoyi don gudun jami'ai, suka bi inda in mota ta lalace babu mai ganinka. A 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe a kan hanyar Dirku. A cikin gari kuwa, mai gidan saukar baƙi, da mai tuwo, da bakanike, da mai sayar da jarka, duk kasuwarsu ta mutu rana ɗaya. An yi alkawarin jari ga waɗanda suka bar sana'ar. Dubbai suka rubuta suna, kaɗan suka gani a hannu.

A takardar da aka sa wa hannu a Baleta akwai babi guda sukutum a kan buɗe hanyoyin tafiya na halal. Zuwa 2020 shekara biyar ke nan. Ka taɓa jin an rage wa ɗan Nijar ko dala ɗaya a kuɗin biza? Ka ji an ce ɗan kasuwar da ya je ya komo sau uku za a daina tambayarsa takardu kamar baƙo? Ƙari muka gani. Tsibirin Kap Ber, ɗan'uwanmu a CEDEAO a lokacin, mai mutane wajen rabin miliyan, ya zauna da Tarayyar Turai ya samo yarjejeniyar sauƙaƙa biza wadda ta fara aiki a 2014. Ba kyauta aka ba su ba, su ma sun yarda za su riƙa karɓar waɗanda aka koro. Amma sun bayar sun karɓa. Mu mun bayar da abin da ya fi nasu nesa ba kusa ba, talaka bai ga komai ba.

Wanda jam'iyyar PNDS-Tarayya ta tsayar a zaɓen 2020, Malam Bazoum Mohamed, ba baƙo ba ne a wannan magana. Shi ne ministan harkokin waje daga 2011 zuwa 2015, ma'aikatar da ke cinikin biza da ƙasashe. Shi ne kuma ministan cikin gida daga 2016 har tsakiyar 2020, ma'aikatar da ke riƙe da iyakoki da fasfo, wadda ta zartar da dokar 2015. Makullan biyu duk sun ratsa hannunsa. Ba zagi ba ne in an tambaye shi abin da ya buɗe da su.

Na san akwai masu cewa mu rama, mu tsananta wa nasu kamar yadda suke tsananta wa namu. Zuciya tana son haka, ni ma ranar da na karanta wa dattijon nan takardarsa haka na ji. Amma Senegal ta gwada. A 2013 ta ɗora biza a kan ƙasashen da ke neman biza wurin ƴan Senegal, masu otel suka yi ta kuka baƙi sun ragu, a watan Mayun 2015 aka soke. Fushin da zai kashe kasuwar ɗan'uwanka ba ramuwa ba ce. Mu ma dama Bature sai da biza yake shigowa Nijar, da katin rigakafin shawara, kuma sai ya nemo ofishin jakadancinmu, waɗanda ba su da yawa a duniya. Maƙwabciyarmu Benin ta ɗauke wa duk ɗan Afirka biza, ta kuma buɗe neman biza ta intanet tun 2018. Ruwanda tun farkon 2018 kowa daga ko'ina yana karɓar tasa a filin jirgi. Su suna kiran baƙi, mu muna jiran baƙi su nemo mu.

Alhali muna da abin nunawa. Tsohon garin Agadas da hasumiyar masallacinsa ta laka, mai tsawon mita 27, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ga duwatsun Ayar da Tenere, ga taron makiyaya na Ingal, ga raƙuman dawa na Kure. Ba gwamnatin Issoufou ce ta fara korar baƙi ba, tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 sun riga ta. Amma shekara goma aka ba ta ta gyara. A ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, tafiyar awa guda daga fadar shugaban ƙasa. Bayan kwana kaɗan Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launi baki ɗaya, in ban da Yamai. Kamfanin yawon buɗe ido ba ya kai mutane inda aka shafa ja. Jagoran baƙi a Kure da maƙerin Agadas yanzu jirgi ɗaya ya kwaso su: baƙo ba ya zuwa, su kuma ba a barinsu su je.

Wataƙila ka ce, ni ina ni ina Turai, iyakata Kano ko Kotonu. To naka ya fi ciwo, don kai doka ta riga ta ba ka. Tun 1979 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa cikinsu yana shiga ɗaya ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. A 2020 ƙasashe 15 ne. Amma kai ka san sau nawa ake sauke ku daga mota tsakanin Ƙwanni da Gaya, ka san abin da ake cewa in takardunka sun cika sarai, ka san ba a ba da rasit. Ba yaron da ke tsaye a rana a bakin shinge nake zargi ba. Wanda ya bar abin ya zama al'ada shi ne abin tambaya. CEDEAO ta amince da katin ɗan ƙasa na zamani wanda za a riƙa ƙetare iyaka da shi, Senegal ta fara bayarwa tun 2016, mu kuwa har 2020 na kwali muke naɗewa a leda kada gumi ya cinye shi.

A watan Yulin 2019 aka tara shugabannin Afirka a Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar, aka yi ta tafi. Nijar tana ma cikin ƙasashe huɗu kacal da suka tabbatar da yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta walwalar jama'a, wannan na yaba. Wata guda da ƴan kwanaki bayan taron, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Sama da shekara Ƙwanni da Ɗan Isa da Magarya suka yi suna kallon Illela da Jibiya da Ɓaɓura kamar wata duniya, ga dangi a can, ga kasuwa a can. Duk zumuncin da ake faɗa tsakanin fadojin biyu bai buɗe wa mai buhun wake hanya ba. Ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Akara da Abijan da Lome, masu aiko da kuɗin cefane, su kuma ba a yi musu rajistar zaɓe ba, an ce korona. A zaɓen 2020 ba su samu murya ba.

Abin da muka ce a yi a 2020 bai bukaci izinin kowa ba. A mayar da dokar 2015-36 gaban majalisa, a ware mai fataucin mutane daga direban da ya ɗauki fasinja mai cikakkun takardu a cikin ƙasarsa. Duk wata sabuwar yarjejeniya da Turai a kan iyaka, a karanta ta a majalisa a fili, kuma kada a sa hannu sai an rubuta abin da ɗalibi da ɗan kasuwa da mai jinya da mai ziyara za su samu ta fuskar biza. Mutumin Difa ko Tawa ya iya yin fasfonsa a babban birnin jiharsa cikin wa'adin da aka sani, a kuma sauƙaƙa wa wanda ba shi da takardar haihuwa, don daga nan wahalar take farawa. A rage shingaye, a liƙa a kowane ɗaya abin da doka ta ce a biya da wanda ba ta ce ba, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ba da Faransanci kaɗai ba. A buɗe neman bizar Nijar ta intanet kamar yadda Benin ta yi.

Dattijon nan ya koma Agadas da fasfonsa babu tambari. Kafin ya hau mota ya ce in rubuta wa abokin nasa wasiƙa in ba shi haƙuri, in ce masa in hanya ta yi kyau shi ya zo, ɗakinsa na nan. Na rubuta.

An yi zaɓe ranar Lahadi, 27 ga Disamban 2020, na shugaban ƙasa da na ƴan majalisa tare.  In ka gama da wannan takarda kada ka naɗe ƙosai da ita, ka karanta wa na kusa da kai wanda bai yi lakwal ba, musamman in direba ne ko mai zuwa ci-rani.