Kayan da Ingila Ta Zubar, Aka Tsinto a Jos

 Ga wata magana a kan ajiya da ɓarna, wadda asalinta wasan kwaikwayo ne na Turawan Ingila, amma hanyarta ta biyo ta garin Jos.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2013 aka fitar da wani faifan DVD a kasuwannin Ingila, mai ɗauke da tsohon wasan talabijin da a ke kira The Enemy of the World, watau Maƙiyin Duniya. Hotonsa baƙi da fari ne, kashi shida ne, kowane kashi kamar minti 25. Masu son irin wannan wasa suka yi ta ɗokinsa kamar sabon kaya, alhali kuwa an nuna shi tun tsakanin 23 ga Disamba 1967 da 27 ga Janairu 1968. Dalilin ɗokin shi ne, shekara arba'in da biyar ke nan ba a sake ganinsa cikakke a Ingila ba, gama masu shi da hannunsu suka shafe shi.

Wasan reshe ne na wani dogon shiri mai suna Doctor Who, wanda gidan BBC ya fara nunawa ran 23 ga Nuwamba 1963. Labarin wani baƙo ne daga wata duniya, ba a kiransa da kome sai Dokta. Yana da jirgi mai siffar rumfar wayar 'yan sandan Ingila, cikinsa ya fi wajensa girma, yana kai shi zamanin da ya shuɗe ko wanda bai zo ba tukuna. Ƙage ne tsantsa, tatsuniya ce da aka yi wa ado da ilmin kimiyya, masu shi kuwa ba su taɓa cewa gaskiya ne ba.

A cikin Maƙiyin Duniya, jirgin ya sauke Dokta da abokan tafiyarsa biyu, Jamie da Victoria, a bakin teku a ƙasar Ostareliya cikin shekarar 2018, wadda a lokacin tana gaba da shekara hamsin. Suka tarar jama'a sun sallama wa wani mutumin Meziko mai suna Salamander, saboda ya ƙago hanyar tara hasken rana a haskaka gonaki, abinci ya wadata. Ashe a ɓoye ya tsare waɗansu mutane a ƙarƙashin ƙasa wajen shekara biyar, ya ruɗe su da cewa yaƙi ya ƙone bayan ƙasa, yana sa su tayar da girgizar ƙasa da aman duwatsu. In bala'in ya auku sai ya fito ya ce shi ne ya hango shi, shi ne kuma zai yi ceto. Abin da ya ƙara wa labarin armashi, Salamander da Dokta kamarsu ɗaya, kuma mutum guda ne, Patrick Troughton, ya fito a madadin su biyun. David Whitaker ya rubuta labarin, Barry Letts ya shirya ɗaukarsa.

To, yaya aka yi gidan da ya kashe kuɗi ya yi abu ya koma ya hallaka shi? A wancan zamani ana ɗaukar wasa a kan wani faffaɗan zaren bidiyo mai faɗin inci biyu, mai tsadar gaske, wanda a ke iya gogewa a ɗauki wani abu a kansa, kamar yadda almajiri ya ke wanke allo ya sake rubutu. Yarjejeniyar da ke tsakanin BBC da ƙungiyar 'yan wasa kuma ta taƙaita maimaita wasa, in ɗan wa'adinsa ya wuce sai an sake ciniki. Daga baya talabijin mai launi ta shigo, ta kai babbar tashar BBC a Nuwamba 1969, aka ɗauka baƙi da fari ya zama kwantai. Wurin ajiya kuma ya yi kaɗan. Saboda haka daga 1967 zuwa 1978 aka yi ta goge zare, ana zubar da kwafe-kwafen fim, har kashi da yawa daga cikin 253 na shekaru shida na farkon shirin suka salwanta. Sai a 1978 aka tsayar da ɓarnar, aka naɗa mai kula da taska.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana da fuska, in an dube shi shi kaɗai. Amma attajiri zai gane kuskuren da ke ƙarƙashinsu duka, watau an yi wa kaya kuɗi da farashin kasuwar ranar kawai. Shekara biyar tak bayan an daina zubarwa, a 1983, BBC ta fara sayar da Doctor Who a kaset ɗin bidiyo na kallo a gida, kasuwar da ba ta zo wa masu gogewa a rai ba. Hausawa sun ce kowa ya ƙone rumbunsa ya san inda toka ta ke kuɗi. Waɗannan sun ƙone nasu, sa'an nan aka wayi gari hatsin ne ya ke kuɗi, suka shiga bin ƙasashen duniya suna cigiya.

Daga cikin kashi shida na Maƙiyin Duniya, na uku kaɗai ya tsira a Ingila, kuma shi ne mafi sanyi a cikinsu. Yawancinsa a cikin wani lungun gida a ke yinsa, inda aka zaunar da wani fursuna, da kuma ɗakin girki, inda wani kuku ya ke ta ƙorafi. Shekara da shekaru masu sharhi suna auna labarin duka da wannan kashi guda, suna sa shi cikin na baya. Malamin da ya taɓa samun warƙa ɗaya daga littafin da gara ta cinye ya san haɗarin wannan hukunci. Yana yiwuwa warƙar da ta rage ita ce inda mawallafi ya tsaya yana shimfiɗa, a kuwa ɗauka iyakar ilminsa ke nan. Da sauran kashi biyar suka bayyana, aka ga farkon labarin tsere ne a bakin teku da jirgi mai saukar ungulu, aka ga yadda Troughton ya ke sauya fuska da tafiya da kallo tsakanin mutumin kirki da azzalumi, har wani lokaci yana kwaikwayon ɗayan yana kwaikwayon ɗayan. Wannan gwaninta ba ta jiyuwa a kunne, sai an gani da ido. Darajar wasan ta tashi ƙwarai a wurin masu kallo, marubucinsa da ɗan wasansa kuwa duk sun riga sun mutu ba su ga an mayar musu da haƙƙinsu ba.

Ga yadda aka yi ya tsira. BBC tana sayar wa tashoshin ƙasashen waje shirye-shiryenta, ana kwafe su a fim mai faɗin milimita 16, a sa a gwangwani. Domin rage kuɗi, ba a yi wa kowace ƙasa nata kwafi, sai dai tasha ta nuna ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda littafi ɗaya ya ke zaga zaurukan gari da aro. Sharaɗin ciniki shi ne, tashar ƙarshe ta mayar da kayan Landan ko ta lalata su. Waɗansu gwangwanaye da suka bi ta Hong Kong suka ƙare a wata tashar talabijin a Jos, suka zauna a kan kanta shekaru da dama. Wani Bature mai neman tsofaffin fina-finai, Philip Morris, shi ya same su, aka ba da sanarwa a Oktoba 2013. Kashi goma sha ɗaya aka komo da su, tara daga ciki ba a da su ko'ina a duniya: biyar na Maƙiyin Duniya, huɗu na labarin da ke bi masa, The Web of Fear. Yawan ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Ba kuma wannan ne karo na farko ba, gama a tsakiyar shekarun 1980 an mayar wa BBC waɗansu kashi na shirin daga Nijeriya, a 1992 kuma aka sayar da kaset ɗin The Tomb of the Cybermen, wanda aka samo a Hong Kong.

Mai fiƙihu zai iya tambaya, wanda aka ce ya mayar ko ya lalata, bai yi ko ɗaya ba, yaya za a yaba masa? Tambaya ce mai nauyi, cika sharaɗi kuwa shi ne gishirin ciniki, babu mai hankalin da zai raina shi. Amma aibin yana cikin sharaɗin kansa. An rubuta shi domin tsare ribar mai kaya, ba a tuna da cewa mai kayan zai iya wofintar da nasa asalin ba. Ko da gangan aka bar gwangwanayen Jos, ko mantuwa ce, da an cika sharaɗin lalatawa da yau babu wasan. Mallaka tana ba mutum ikon sayarwa da hanawa da sa farashi. Amma aikin da mutane da yawa suka yi wa wahala, miliyoyi kuma suka kalla, yana da masu haƙƙi a kansa ban da mai takardar mallaka, kuma bai kamata ɗaya daga cikinsu ya shafe shi ba tare da ya bar kwafi a wani wuri ba.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambatonsu ba, watau masu kallo, yawancinsu matasa, waɗanda su kan kafa rikoda a gaban akwatin talabijin su ɗauki murya. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Saboda su ne muryar kowane kashi da ya ɓata ta ke nan har yanzu, ana ɗora ta a kan hotuna ko zane mai motsi a fitar a faifai. Abin da babban gida mai ma'aikata dubbai ya yar, yara a ɗakunan iyayensu suka riƙe rabinsa.

Ajiya kuma iri biyu ce, akwai mai amfani, akwai wadda ba ta da bambanci da ƙonawa. The Web of Fear labarin waɗansu dodanni ne na ƙarfe masu gashi da suka mamaye hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan. An fitar da faifansa a Fabrairu 2014 da giɓi a tsakiya, domin babu kashi na uku, wanda a ciki ne aka fara ganin Kanar Lethbridge-Stewart, sojan da ya zama babban abokin Dokta shekaru da yawa. Morris ya faɗa a 2015 cewa kashin yana nan sa'ad da ya fara ganin kayan, ya ɓace kafin a kwaso su, yana kuma zaton ya faɗa hannun wani mai tara irin waɗannan abubuwa. A 2021 sai da aka cike giɓin da zanen kwamfuta. In zaton nan gaskiya ne, to wanda ya riƙe gwangwanin ya kulle abin da ba ya raguwa in an raba, fim kuwa yana ruɓewa a hankali, ranar da magadansa za su buɗe akwati mai yiwuwa ƙura za su tarar. Haka hukuncin ya ke ga duk mai littafin da ya hana a kwafa.

Wani zai ce zamanin faifai ya wuce, yanzu kome yana intanet, mutum ya biya kuɗin wata ya kalli abin da ya so. Sauƙin ba abin musu ba ne. Amma mai karatu ya lura da abin da ya faru a Nuwamba 2023, sa'ad da BBC ta zuba kashi fiye da 800 na Doctor Who a dandalinta na iPlayer domin cikar shirin shekara sittin. Labarin farko ɗungum, kashi huɗu na 1963, bai shiga ba, saboda ba a daidaita da magajin marubucinsa ba. Wanda ya sayi faifan labarin tun 2006 bai ji a jikinsa ba, ya ɗauko nasa ya kalla. Abin da ke intanet yana hannun gida ɗaya, kamar yadda zaren bidiyo ya ke a hannun gida ɗaya a 1967, rigimar gado ko lissafin riba yana iya ɗauke shi dare ɗaya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Faifai ma yana karcewa, yana lalacewa, amma dubban kwafi a dubban gidaje ba su ƙarewa rana ɗaya. Wannan ita ce hikimar da magabata suka bi da littattafai, duk wanda ya ara ya kwafa, har in gobara ta ci na Katsina a sami na Kano.

Saboda haka wanda ya sayi faifan Maƙiyin Duniya bai yi asarar kuɗinsa ba, ya sami labari mai daɗi a kan mai mulkin da ke haƙa rami da dare ya zo da igiyar ceto da safe, ya kuma zama ɗaya daga cikin masu tsaron wasan. Shawara ga ma'aikatan tashoshi, da attajiran da suka gaji rumbunan kaya, da malaman da suka gaji gafaka: duk wanda ya tarar da tsohon fim, ko kaset, ko takarda, kada ya zubar don ya ga yau ba mai nema. Ya sa shi wuri mai sanyi marar laima, ya rubuta sunansa a jiki, ya nuna wa masana, in an nemi kwafi ya bari a yi. Gwangwanayen Jos ma da ɗan rubutun suna da aka manna a jikinsu aka gane su.