Kada ka karɓi motarka daga gareji ba tare da takardar saiti ba

Motocin da ke cika wuraren dillalai a Kano da Kaduna da Abuja a yau sun bambanta da waɗanda makanikanmu suka koyi aiki a kansu. Toyota Corolla ƙirar 2017 da Camry ƙirar 2018 da Honda Accord ƙirar 2018, idan na kasuwar Amurka ne, sun fito daga kamfani da kyamara a manne bayan gilashin gaba da na'urar rada a goshinsu. Waɗannan na'urori su ne ke hango motar da ke gaba, su gargaɗi direba idan ya fara barin layinsa, su taka birki da kansu idan suka ga zai yi karo.

Matsalar tana tasowa ne ranar da irin wannan mota ta yi hatsari. Fanel bita zai miƙe ƙarfe, mai fenti ya feshe ta, a sa sabon gilashi da sabuwar bamba, mai mota ya zagaya ta ya ce ta koma sabuwa. Babu wanda ya tambaya ko an sake saita kyamarar da radar, kuma babu takardar da za ta nuna an yi ko ba a yi ba. A ganina, lokaci ya yi da za a daina ɗaukar gyaran irin wannan mota a matsayin kammalalle har sai an miƙa wa mai ita rubutacciyar shaidar saiti.

Abin da saiti yake nufi

Kyamarar da ke bayan gilashi da radar da ke bayan tambarin mota ko bamba suna aiki ne da lissafin kusurwa. Kwamfutar motar ta ɗauka cewa suna kallon daidai inda motar ta dosa. Idan duka ya karkatar da maƙalin da ke riƙe su, ko aka cire su aka mayar, kwamfutar za ta ci gaba da yarda da abin da suke gaya mata alhali sun koma kallon gefe.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam ido bai isa ba. Karkacewar digiri 1 kacal, wadda babu makanikin da zai gane ta da kallo, takan zama kuskuren kusan mita 1.75 a nisan mita 100, wato kusan rabin faɗin layi guda na babban titi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Rada mai irin wannan karkata tana iya kallon tirelar da ke layin gefe ta ɗauka a gabanka take, ta danna birki a tsakiyar hanya. Tana kuma iya makara wajen ganin motar da ta tsaya cak a gabanka.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sau da yawa babu wata fitila da za ta kunna a dashbod. Idan waya ta tsinke, motar za ta yi ƙorafi. Idan na'urar tana aiki amma ta ɗan karkace, tana iya yin shiru.

Saitin iri biyu ne. Akwai wanda ake yi mota na tsaye a kan daɓe mai daidaito, a kafa alluna masu zane a gabanta a nisa da tsayin da kamfanin motar ya ƙayyade, sannan a haɗa ta da kwamfuta. Akwai kuma wanda ake yi a kan titi, a tuƙa motar da wani ƙayyadadden gudu a hanyar da zanen layukanta ya fito sosai. Wasu motocin suna buƙatar duka biyun. Kuma ba sai an yi mummunan hatsari ba: canza gilashin gaba, cire bamba, gyaran ƙafa da alaimen, duk suna iya wajabta sabon saiti, gwargwadon umarnin kamfanin da ya ƙera motar. Ko kaurin abin cike lotsa da fentin da aka lafta wa bamba a saitin rada yana iya rage mata gani.

Dalilin da ya sa abin ya shafe mu

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce. Amma motocin da muke hawa nasu ne da suka gama da su. A shekarar 2016 kamfanonin mota 20 suka yi alƙawari da hukumomin Amurka cewa zuwa watan Satumban 2022 kusan duk sabuwar motar da za su sayar a can za ta zo da birki mai taka kansa. A 2024 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar ta mayar da shi doka, wadda a lokacin aka tsara za ta fara aiki a 2029. Tarayyar Turai kuwa ta wajabta shi a kan dukkan sababbin ƙananan motoci daga watan Yulin 2024. Ma'ana, nan da 'yan shekaru zai yi wuya ka sami tokumbo ko Baljiyam da ba ta da waɗannan na'urori.

Sannan ba boyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari, irin na Copart da IAA. Ana kawo su da rugurguzajjen gaba, a gyara su a Legas ko Kwatano ko Apo a Abuja, a jera su a kasuwa suna ƙyalli. Goshin da ya sha dukan nan shi ne mazaunin radar. Mai saye yana biyan kuɗin mota mai na'urorin kariya, amma bai san ko suna kallon hanya ko suna kallon daji ba.

Na'urorin kuwa suna da amfani idan suna kan saiti. Binciken cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ya nuna cewa birki mai taka kansa yana rage bugun mota ta baya da kusan rabi. Ita dai wannan cibiya ta fitar da wani rahoto a 2023 da ke cewa kusan rabin masu motocin da aka taɓa gyara musu irin waɗannan na'urori sun ci gaba da fuskantar matsala da su bayan gyaran. Idan haka abin yake a ƙasar da kayan aiki suka wadata, sai mu yi tunanin yadda yake a garejin da ke ƙarƙashin bishiya.

Abin da takardar za ta ƙunsa

Ba wani dogon kundi ake nema ba. Shafi ɗaya ko biyu sun isa, matuƙar sun ƙunshi waɗannan:

Lambar shasi mai harafi da lamba 17, da ranar aiki, da adadin tafiyar da mita ta nuna.

Rahoton kwamfuta kafin a fara gyara, da wani bayan an gama, domin a ga matsalolin da motar ta zo da su da waɗanda suka rage.

Kayan da aka canza, musamman gilashin gaba da bamba da tambarin goshi, da bayanin ko na kamfani ne, ko na hannu, ko kwaikwayo.

Irin saitin da aka yi wa kowace na'ura, da sunan kwamfutar da aka yi amfani da ita, da hoton yadda aka kafa allunan.

Sakamakon da kwamfutar ta bayar, da sunan wanda ya yi aikin, da sa hannunsa.

Yawancin kwamfutocin duba mota da ke hannun makanikanmu, irin su Autel da Launch, suna iya fitar da rahoton da za a tura wa mai mota ta WhatsApp. Abin da ya rage shi ne mai mota ya nema, makaniki kuma ya saba bayarwa.

Akwai kuma layi ɗaya da nake ganin ya fi sauran muhimmanci a halin da muke ciki. Idan gareji ba shi da kayan saiti, ya rubuta ƙarara cewa ba a yi ba, kuma an sanar da mai mota. Direban da ya san birkin kansa ba ya kan saiti zai tuƙa da lura, ya nemi inda za a yi masa. Wanda bai sani ba zai dogara da abin da ba zai cece shi ba.

Wa takardar take karewa?

Na farko mai mota da iyalinsa. Na biyu wanda zai sayi motar bayansa. Wata shari'a da aka yi a Dallas ta jihar Texas a 2017 ta nuna haɗarin gyaran da ba a bar masa shaida ba. Wani gareji ya manna rufin wata Honda Fit da gam maimakon walda kamar yadda kamfanin ya umarta. Daga baya wasu ma'aurata suka sayi motar ba tare da sanin an taɓa yi mata wannan aiki ba, suka yi hatsari, motar ta kama da wuta, suka ji munanan raunuka. Masu taya alƙali yanke hukunci suka sa diyyar dala miliyan 42, mafi yawanta a kan garejin. Ba batun kyamara ba ne, amma darasin ɗaya ne: gyaran da ido ba ya gani, wanda bai san da shi ba ne yake biyan farashinsa.

Na uku, takardar tana kare makanikin kansa. Duk mai zuwa gareji ya san rigimar "da na kawo ta ba haka take ba". Rahoton kwamfuta na ranar da mota ta shigo yana kashe wannan gardama. Makanikin da ya kashe kuɗi ya sayi alluna ya koyi aikin kuma yana samun abin da zai bambanta shi da wanda ke goge fitilar gargaɗi kawai ya ce an gama.

A Birtaniya kamfanonin inshora ne suka ja gaba. Tun 2021 suke aiki da ƙa'idar da cibiyar Thatcham ta tsara, wadda ta buƙaci gareji ya gano na'urorin da ke jikin mota, ya saita su bisa umarnin kamfani, ya kuma ajiye shaidar aikin.

Uzurorin da za a kawo

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne saiti yana ƙara tsadar gyara, kuma mutane na cikin matsi. Amma wanda ya iya sayen Camry ta miliyoyin naira, ya biya fenti mai tsada don kada a gane ta taɓa bugu, bai kamata ya tsuke hannu a kan abin da ke taka masa birki ba. Rubuta cewa ba a yi saiti ba kuwa ko sisi ba ya ci.

Za a ce titunanmu ba su da zanen layi, don haka na'urorin ba su da amfani. Wannan ya shafi kyamarar da ke bin layi, kuma yana wahalar da saitin da ake yi a kan titi. Amma birki mai taka kansa bai dogara da fentin kwalta ba. Yana nan yana aiki a cunkoson Zoo Road ko na Nyanya, ko da saiti ko babu.

Za a ce a kashe na'urar kawai a huta. A motoci da dama tana sake kunna kanta duk lokacin da aka tayar da inji. Ko da ta kasu, ka zubar da kariyar da ka riga ka biya kuɗinta, kuma wanda ka ara wa motar ko ka sayar masa bai sani ba.

Za a ce takarda a ƙasar nan ana iya ƙirƙirar ta. Haka ne. Sai dai rahoton da ke ɗauke da lambar shasi da kwanan wata da hoton motar a gaban allo ya fi wuyar ƙirƙira a kan "wallahi Alhaji an yi komai". Yana kuma ba da sunan wanda za a tuhuma idan ƙarya ta fito.

Za a ce ai akwai amana tsakanin mutum da makanikinsa. Amanar ba ta bin mota zuwa hannun mai saye na gaba, kuma shi makanikin mai gaskiya yana iya rashin sanin cewa akwai rada a bayan tambarin da ya cire.

Masu ruwa da tsaki

Kamfanonin inshora su ne suka fi saurin iya kawo sauyi. Duk wanda ke biyan kuɗin gyaran mota mai cikakkiyar inshora ya sa sharaɗin ganin takardar saiti kafin ya saki kuɗi, hukumar NAICOM kuma ta mara wa hakan baya. Ma'aikatu da kamfanonin da ke da tarin motoci su sa shi cikin yarjejeniyarsu da garejoji.

Ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci su shigar da saiti cikin horon da suke bayarwa, su fitar da fom guda mai sauƙi da Hausa da Turanci. Ba dole kowane gareji ya mallaki alluna ba. Wuri ɗaya mai daɓe mai kyau a unguwar makanikai, wanda fanel bita da masu sa gilashi za su riƙa tura motoci, zai wadatar da garejoji da dama, ya kuma samar wa matasan da suka iya kwamfuta sana'a.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da jami'an VIO su fara da wayar da kai. Idan aka fara da tara, takardar za ta zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro a bakin titi.

Dillalai kuma su sani cewa ɓoye aibin haja bai tsaya ga inji da giya ba. Motar da aka canza wa goshi ba a saita ta ba tana da aibin da ya kamata a faɗa.

Kai kuma mai mota, ba sai ka jira kowa ba. Duba bayan madubin tsakiya, idan akwai ɗan akwati manne da gilashi, da alama motarka na da kyamara. Kafin a taɓa gilashi ko bamba ko ƙafa, tambayi makaniki ko aikin na buƙatar saiti, wa zai yi, kuma me zai ba ka a rubuce. Idan za ka sayi mota, bincika lambar shasinta a intanet, sau da yawa hotunan gwanjonta suna nan. Idan ka ga an bugi gaba, nemi takardar. Idan babu, cire kuɗin saiti daga farashin, ka kai a yi kafin ka ɗauki iyalinka ka hau babbar hanya.