Malam, kwafar faifan da na saya da kuɗina ba sata ba ce

A taron uwayen ƴan makaranta na watan jiya, wani abokin aikina, malamin lissafi da nake ganin girmansa, ya miƙe ya ce duk wanda ya kwafi faifan wasa ya zuba a kwamfuta ɓarawo ne, kuma sata yake koya wa ɗansa. Jama'a suka gyaɗa kai. Ban ce uffan ba, don maganar kuɗin benci ce ta tara mu, rana kuma ta yi. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin ni ne ɓarawon da yake nufi, ko da bai kama suna ba.

Ga yadda aka yi. Shekara uku ke nan na sayi tsohuwar kwamfuta irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta Kwatano. Mai ita ya haɗa mini da wasu wasanni na asali, cikin kwalinsu, na biya kuɗinsu daban. Ɗaya daga ciki faifai huɗu ne, wasan yawon garuruwa da warware matsaloli, duk da Faransanci. Ɗana mai shekara 12, wanda sai da faɗa yake buɗe littafin karatu, sai ga shi yana tambayata ma'anar kalmomi don ya wuce gaba. Matsalar ɗaya ce: duk sa'ad da ya tashi daga wannan gari zuwa wancan, sai allon ya ce a cire faifai na biyu a sa na uku. Ya koma baya, a mai da na biyu. Cikin awa guda sai ya yi haka sau shida ko bakwai.

To, ku duba hannun yaron da ya gama cin ƙuli-ƙuli. Ku duba ƙurar hunturu da ke kwanciya bisa tebur minti goma bayan an goge. Kafin damina faifai na biyu ya karce, wasan ya tsaya cak a tsakiya, sauran ukun suka zama abin korar tsuntsaye a gona.

Yaro bai gaya mini ba. Ya tafi wani shagon gyara, aka zuba masa wani ɗan fayil da aka ce yana sa wasa ya tashi ba faifai. Wasan bai tashi ba. Abin da ya tashi shi ne birus ɗin nan da duk malami ya sani, mai ɓoye takardu ya bar maka inuwarsu kawai. Makin aji uku na zangon farko yana cikin na'urar. Dare huɗu na yi ina sake shigar da shi daga kaye, da fitilar hannu in wuta ta ɗauke. Wannan ita ce hanyar da yaro ke bi in babba bai nuna masa wata ba, kuma ita ce maganar Malam take tura yaranmu a kai, ko da ba nufinsa ke nan ba.

Hanyar da nake bi yanzu ba ta da wani asiri. Ana karanta faifan sau ɗaya, a mai da shi fayil guda da ake kira ISO, wato hoton faifan dukansa, a ajiye cikin rumbun kwamfuta. Manhajar ImgBurn tana yin haka kyauta. Faifan CD bai wuce megabait 700 ba, ke nan huɗu ba su kai gigabait 3 ba, abin da ƴar kile ta USB ke ɗauka ba ta ji ba. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, danna fayil ɗin sau biyu ya isa, kwamfuta ta ɗauka faifai ne aka sa mata. Mai Windows 7 sai ya ƙara ƙaramar manhaja irin WinCDEmu. In wasa ya nemi faifai na uku, yaro ya danna na uku. Kuma tun wajen girka wasan, in an ba ka zaɓin zuba shi gaba ɗaya, ka zaɓe shi. Faifan asali ya koma kwalinsa cikin akwati.

Malam, ina dipilom ɗinka na makarantar horon malamai? Na san yana ƙasan akwati cikin leda, kwafi kake yawo da shi duk inda aka nema. Ba wanda ya ce ka saci takardarka. Ɓarawo shi ne mai raba mutum da abinsa. Wanda ya buga kwafi hamsin ya baza a kasuwa, ko ya raba wa unguwa duka, wannan ya ci haƙƙin masu wasan, kuma ina tare da kai a kansa. Ni wa na raba da me?

Canjin faifan ma ba wata doka ce mai tsarki ba, larura ce ta zamaninta. Riven ya fito a 1997 cikin faifai biyar, Baldur's Gate a 1998 shi ma biyar, saboda rumbunan kwamfuta na lokacin ƙanana ne. Da rumbuna suka girma, kamfanoni suka riƙe sharaɗin sa faifai don tsoron masu kwafa, suka ƙara makullai irin su SafeDisc da SecuROM. A nan zan faɗi gaskiya: wasan da ke da irin wannan makulli sau da yawa ba ya yarda da hoton ISO. Amma dubi wanda makullin ya kama. Da Windows 10 ya fito a 2015 ya daina karɓar SafeDisc saboda dalilan tsaro, sai mutumin da ya biya kuɗinsa ya zauna da faifai mai kyau a hannu, wasa ya ƙi buɗewa. Masu satar kuwa sun daɗe da tsallake katangar.

Wasu kamfanonin da kansu sun gane. A 2008 Blizzard ta fitar da gyara wanda ya cire sharaɗin faifai daga StarCraft da Diablo II. A wannan shekarar aka buɗe GOG a Folan, kasuwar tsofaffin wasanni marasa makulli. Sai dai saye can yana son katin banki da intanet mai ƙarfi, biyun kuma ba kowane malamin ƙauye ke da su ba. Saboda haka, kafin ka kai yaro wajen mai shago, duba ko kamfanin wasan ya fitar da irin wannan gyara. In babu, kuma ISO ya ƙi, a haƙura da faifan, amma babba ya riƙa sa shi da hannunsa.

Akwai uwayen da za su ce duk wannan wahala a kan wasa, gara ma faifan ya mutu yaro ya koma kan karatu. A gidana awa ɗaya ce, Asabar da Lahadi, bayan na duba kaye. Ni na sa wannan iyaka, ban jira faifai ya karce ya sa mini ita ba. Yaron da wasansa ya mutu ba littafi yake ɗauka ba, gidan wasan bakin kasuwa yake tafiya da dala ashirin ɗin cefane, inda ba ka san abin da yake kallo ba.

Malam, na ga faifan darussan lissafin nan da kake kai wa ƴan ajin BEPC, wanda kake gogewa da bakin riga kafin ka sa. Ya fara tsalle a darasi na biyar, ɗalibanka ne suka gaya mini. Kawo shi ranar Asabar bayan la'asar, tun yana karantuwa.