Fatsar Nishaɗi da Haƙƙin Masunta

A wannan mako za mu ajiye zancen siyasa da tsadar hatsi, mu gangara bakin ruwa. Dalili kuwa shi ne, da zarar Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, akan ga waɗansu ma'aikata da ƴan kasuwa na birni, ranar Asabar ko Lahadi, sun ɗaure sandar fatsa a bayan moto, wasu su tsaya a guraben fadamar Safo, wasu su zarce har tabkin Madarunfa. Ba mu kushe abin ba. Wanda ya yi kwana biyar yana fama da takardun biro ko lissafin kanti, ya cancanci ya zauna a inuwa yana kallon totuwa bisa ruwa. Sai dai wanda ya zo ruwa don ya huta yakan tarar da wanda ya zo don iyalinsa su ci tuwon dare, kuma tsakanin mutanen nan biyu akwai ladabin da ba kowa ya san shi ba.

Bari mu fara leƙa ƙasar Turawa, tun da can ne fatsar nishaɗi ta zama ilimi mai littattafai. Suna da wani kifi na kogunan kan duwatsu wanda Faransawa ke kira truite. Ruwan sanyi yake so, in zafin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, saboda haka kada kowa ya sa rai zai gan shi a gulbinmu. Masu gwaninta ba su sa masa tana. Gashin zakara da zare suke naɗawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, sa'an nan su yi ta kaɗa igiya a iska har su ajiye ƙwaron ƙaryar nan a kan ruwa a hankali, daidai inda kifin ke ɗago kai. In ƙwaron ya faɗi da ƙarfi, ko inuwar mutum ta riga shi sauka, kifi ya gudu. Dabarar tsohuwa ce, domin wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana ta wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, a Ingila kuma littafin Izaak Walton na 1653 har yau ana buga shi.

Abin da ya fi jan hankalina a lamarin shi ne ƙa'idodinsu. A Faransa ba a taɓa wannan kifi a galibin koguna sai daga Asabar ta biyu ta watan Maris zuwa Lahadi ta uku ta watan Satumba, domin da sanyi yake ƙwai. Sai mutum ya yanki kati kafin ya jefa ƙugiya. Kifin da bai kai awo ba, wanda a yawancin wurare santimita 23 ne, tilas a mai da shi ruwa da ransa, a kuma jiƙa hannu kafin a riƙe shi. In ka tarar da wani a gurbi, ba ka shiga gabansa, ba ka kuma ratsa ruwan da yake fako. Mutanen nan ba yunwa ta kai su kogi ba, amma sun gane cewa daɗin abin ba ya ɗorewa sai da kamewa.

To, mu ma ba kifin rijiya ba ne a wannan fanni. Duk yaron da ya tashi a Safo ya san karfasa takan taso saman ruwa ta cafke shinge washegarin ruwan sama, ya san tarwaɗa ta fi ci da magariba, kuma hanjin kaza ko guntun sabulu ya ishe ta. Ya san bambancin motsin totuwa in ƙananan kifi ne ke tsakurar tana, da nutsewarta gaba ɗaya in babba ya ɗauka. A ɗan tsakanin nan, sa'ad da hannu ke ƙaiƙayi hankali kuma yana cewa dakata, a nan duk daɗin fatsa yake. Mai gaggawa ya fizge, ya tashi da ƙugiya tsirara. Wanda kuma ya taɓa jin nauyin giwan ruwa a igiya a Madarunfa, ba ya rasa labarin ba abokai har shekara ta zagayo, kifin kuwa yana ƙara girma a kowace hira.

Ladabin ruwa ma muna da namu tun kaka da kakanni. Ruwa gonar masunci ce. Kamar yadda ba ka faɗa wa gonar mutum ba sallama, haka ba ka sauka daga mota ka kama jifa. A gai da waɗanda aka tarar, a tambayi inda ya dace a zauna, in wurin yana da sarkin ruwa a kai masa gaisuwa. Wannan ma kariyar kai ce, domin masunci ya san inda ya shimfiɗa mamari, igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa, baƙo kuwa bai sani ba. Ba a ɗaga kallin wani ko gurarsa don a ga abin da ta kama, ko da wasa. Ba a buɗe rediyo, ba a wanke mota a inda ake su. In igiyarka ta sarƙe da ragar wani, ka neme shi ka gaya masa, ka biya abin da ya yage, kada ka sa wuƙa ka yanke ka yi gaba. Ƙugiyar da ta lalace da guntun zaren roba a tafi da su gida, domin yara da dabbobi ba takalmi suke shiga ruwan nan ba. A Madarunfa kuma a tuna cewa kaburburan waliyyai 99 na kewaye da tabkin, mutane na zuwa ziyara daga nesa, wurin ba na shewa ba ne.

Me ya sa muka tsananta haka? Domin ruwan ba kamar da yake ba. Tsofaffi na tuna ambaliyar 1945 wadda ta ci tsohon garin Maraɗi har aka koma kan tudu. Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa mu, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, ruwan da ke iso mu ya danganta da abin da aka saki daga can, ko da yake ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan rabon ruwan da suka haɗa. Tabkin Madarunfa, wanda Gulbin Gabi ke ciyarwa, rairayi na cike shi sannu a hankali saboda saran itatuwa da noma har bakin gaɓa. An sa shi a jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya a 2019, da faɗin sama da hekta 500, tun 2006 kuma yana cikin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Suna ne mai kyau, amma suna ba ya haƙe rairayi.

Cikin ruwan da ke raguwa, kowane kifi mai ƙwai dukiya ne. Tarwaɗa tana haurowa cikin ciyawa da ruwan farko don ta zuba ƙwai, a nan ne ake tare ta da kulki da adda. Karfasa kuwa a bakinta take renon ƙwanta, wanda ya kama uwa a wannan hali ya kashe ɗaruruwa da ƙugiya guda. Dokar su ta 7 ga Disamba 1998 ta haramta guba da nakiya, amma ma'aikatan gandun daji ba za su tsaya a kan kowane gurbi ba. Masuncin da ya ja gidan sauro a ruwa ya kwashe ƴaƴan kifi ya yi laifi, sai dai yana iya cewa talauci ne. Mai albashi da ya cika bokiti da kifin da bai kai yatsa biyu ba, wace hujja gare shi?

Nauyin ya hau kan mai saye ma. Kowa ya san ɗan fatsan da ya wuni bai kama kome ba, ya biya wurin masunta ya sayi ragon ruwa don kada uwargida ta yi masa dariya. Wannan ba laifi, ciniki ne, in dai bai tsaya taya kifin kamar zai sayi rago ba. Laifin yana wurin mai sayen tulin ƙanana don sun fi araha, domin muddin akwai mai saye, gidan sauro ba zai bar ruwa ba.

Shawararmu ga hukumomin Safo da Madarunfa ita ce su zauna da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta da ma'aikatan gandun daji kafin damina, a keɓe wa masu fatsar nishaɗi wurare sanannu, a tsai da awo, a faɗa a rediyo da ranar kasuwa. Kafin a yi haka, mai zuwa fatsa ya auna taƙi guda daga gindin sandarsa ya yi tsaga da wuƙa. Tarwaɗar da ba ta kai tsagar ba, ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiya a hankali, ya sake ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.