Baƙin Duwatsun Biyu Sun Cancanci Shiga Aji

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola a ƙasar Rasha, wanda ya kai mita 12,262 a shekarar 1989. Duk da haka bai huda ɓawon ƙasa ba, domin kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi yakan kai kilomita 30 zuwa 50. To, ta yaya masana suka san abin da ke ƙarƙashin ɓawon, wato sashen da ake kira mantul?

Wani ɓangare na amsar yana zube a tsaunukan Biyu ta Jihar Barno da na Filato. A zamanin da duwatsun wuraren suke aman wuta, narkakken dutse yakan taso da sauri daga can ƙasa, ya ɓanɓaro gutsattsarin duwatsun da ya ratsa, ya fito da su kafin su narke. Bayan ya daskare ya zama baƙin dutse, sai a riƙa ganin ƙulle-ƙulle masu launin kore a cikinsa. Masana na kiransu zenolit, kalmar Girkanci mai nufin "baƙon dutse", wato wanda ba ɗan gida ba.

Sinadaran cikinsu ne ke tona asalinsu. Mafi yawan jikin ƙullin ma'adinin olibin ne, wanda a cikinsa magniziyam ke da kusan kashi 90 cikin 100 idan aka haɗa shi da ƙarfe, alamar cewa daga mantul ya fito. In an tarar da sifinel a tare da shi, kamar yadda aka saba gani a Biyu, zurfin wajen kilomita 30 zuwa 80 ne. In kuwa ganet aka gani, ya zarce haka. Yadda kalsiyam ya rabu tsakanin nau'o'in firoksin biyu kuma shi ke nuna zafin da dutsen ya zauna a ciki.

Abin takaici shi ne, ɗalibi yakan haddace sunan magniziyam daga allo har ya gama sakandare bai taɓa riƙe dutsen da ke ɗauke da shi ba, alhali yana iya takawa a kansa a hanyar gona. Masu fasa tsakuwa kuwa ba ruwansu da bambancewa, kuma dutsen da aka niƙe ba ya dawowa.

Wani zai ce makarantu ba su da na'urorin awo. Gaskiya ne, amma gane olibin ba ya bukatar fiye da guduma da madubin ƙara girma. Ya kamata malaman kimiyya su riƙa fita da ɗalibai suna tsinto samfura, suna rubuta inda aka samo kowanne. Sassan ilmin duwatsu na jami'o'in Maiduguri da Jos da Zariya kuma su taimaka da awo da bayani. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya riƙe gutsuren mantul a tafin hannunsa ba zai sake ɗaukar kimiyya labarin wata ƙasa ba.