Shin Alheri Kan Haifi Rago?

Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu: ga ruwa, ga guga, amma maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajida ya zo ya sare shi. Ba ƙarfin mutanen gari ne ya buɗe rijiyar ba, kuma da aka buɗe ta ba wanda ya naɗe hannu yana jiran ruwa ya biyo shi gida. Da wannan nake so mai karatu, Musulmi ko Kirista, ya auna wata koyarwa da ake yi wa gurguwar fahimta, wato cewa a Kiristanci tsarkin rai alherin Allah ne, ba ladan wahalar mutum ba.

Gardamar ta daɗe. A farkon ƙarni na 5 wani malami mai suna Pelagiyus ya koyar da cewa ɗan Adam na iya kiyaye dokar Allah da ƙudurin kansa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ce ina, ai zuciyar da za ta yi ƙudurin ita ce mai ciwon. Taron Kartaj na shekarar 418 ya bi bayan Agustin. Martin Luther ya sake tayar da zancen a 1517, kuma sai a 1999, a birnin Augsburg, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu kan matsaya guda, cewa ceto daga alheri yake, aikin kirki kuwa biyo baya yake yi.

Masu suka kan ce idan kyauta ce, me zai hana mutum ya miƙe ƙafa ya yi ta sheƙe ayarsa? Tambaya ce mai nauyi, Manzo Bulus da kansa ya yi ta a sura ta 6 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya kuma ƙi yarda. Amma ni hujjar da ta fi gamsar da ni tana nan kusa da gida. 'Yan mishan na SIM, waɗanda Rowland Bingham da abokansa biyu suka soma aikinsu a 1893, alheri suke wa'azi safe da yamma. Abokan nan biyu sun mutu cikin 1894. Magadansu ne suka riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina tun ƙarshen shekarun 1930, suka buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950. Ko me za a ce kan alaƙarsu da Turawan mulki, kuma akwai abin cewa, ba za a kira mai wanke gyambon kuturu rago ba.

Haɗarin da na fi hangowa yana ta ɗaya ɓangaren. Kiristocin Hausawa na jihar Katsina, irin na Malumfashi da Kafur, 'yan tsiraru ne da idon maƙwabta ke kansu, saboda haka da sauƙi Fasto ya mai da tsarki lissafi: wa ya bar burukutu, wa ta ɗaura ɗankwali, wa ya biya ushiri. Barin giya alheri ne ga gida, ba musu. Sai dai ranar da aka mai da lissafin nan ma'aunin matsayi a gaban Allah, wanda ya cika shi zai raina ɗan'uwansa, wanda ya kasa kuma zai koyi ɓoye laifinsa maimakon ya kawo shi majami'a a taya shi addu'a.