Sharhi: Arewacin Ghana ba ta da majalisar jiha, ina muryar zango take?

A Fabrairun 2019, da gwamnatin Nana Akufo-Addo ta bayyana Damongo a matsayin hedikwatar sabuwar jihar Savannah, matasa a Salaga sun fusata har suka cinna wa ofishin jam'iyyar NPP wuta. Sun kaɗa ƙuri'ar raba gardama ta 27 ga Disamban 2018 da fatan tsohon birnin cinikin goro ne zai samu. Amma da Salaga ta samu ɗin ma, abin da zai zo mata minista ne da ofisoshi. Babu majalisar da jama'a za su zaɓa.

A duk jihohi 16 na Ghana, shugaban ƙasa ne ke naɗa ministan jiha, kuma babu wanda ake zaɓa kai tsaye zuwa hukumar da ke tsara ayyukan jihar.

An taɓa gwadawa. Tsarin mulkin samun 'yanci na 1957 ya tanadi majalisun yankuna, saboda matsin lambar Asante da 'yan arewa masu tsoron kada Accra ta haɗiye komai. Da aka yi zaɓensu a 1958, 'yan adawa suka ƙaurace, jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah ta kwashe kujerun, a 1959 aka rusa su. Kafin nan, dokar Disamban 1957 ta haramta jam'iyyun ƙabila da yanki da addini, abin da ya shafi jam'iyyar mutanen arewa da kuma jam'iyyar Musulmi mai tushe a zanguna.

Abin da ya rage shi ne majalisun gundumomi, guda 261 a yau, har da na Yendi da Bawku da Gonja ta Gabas mai mazauni a Salaga. Jama'a na zaɓen kashi 70 cikin 100 na wakilai duk shekara huɗu, ba a ƙarƙashin tutar jam'iyya ba, shugaban ƙasa ya naɗa sauran. Shi ne kuma ke gabatar da shugaban gunduma, wanda sai ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'un wakilai. An shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 17 ga Disamban 2019 don bai wa jam'iyyu damar shiga, aka soke ta ana saura makonni biyu.

A nan ne lissafin Hausawa ya kamata ya canza. Rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi ne. Na Yendi, wanda ya ci ran Ya-Na Yakubu Andani a 2002 kuma aka daidaita a 2019, tsakanin gidajen Abudu da Andani ne. Bahaushe ba shi da rabo a gadon sarautun, amma idan aka sa dokar hana fita, rumfarsa ce ke rufe. A zaɓen majalisar dokoki ta ƙasa kuwa, ƙuri'un zango kan narke cikin na babbar mazaɓa. Kujerar wakilin unguwa ce kaɗai inda yawan zango zai iya yanke hukunci shi kaɗai.

Kujerar ba ƙarama ba ce. Majalisar gunduma ce ke tsayar da harajin kasuwa, da rabon rumfuna, da inda za a gina magudanar ruwa, da yadda za a kashe kasonta na asusun gundumomi, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Duk da haka masu fitowa wannan zaɓe ba su kusanci na zaɓen shugaban ƙasa ba, kamar yadda aka gani ranar 19 ga Disamban 2023.

Ɗari-ɗarin zango yana da tarihi. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta koya wa gidaje da dama su noƙe daga harkar hukuma. Sai dai da babu gara ba daɗi. A Nijar, inda aka zaɓi majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi a Disamban 2020, sojoji sun rushe su a Afrilun 2024. Ghana har yanzu tana da nata, komai rauninsu.

Zaɓen gundumomi na gaba zai zo a 2027. Zangon da bai tsayar da ɗan takara ba, wani ne zai yanke masa harajin rumfa.